Aron Kartin Taubashina

Damina biyu ke nan ina ɗaukar bik, alƙalamin rubutu, ina ajiyewa. Sau uku na fara wannan rubutu. Na farko na yage shi. Na biyu na jiƙa shi a ruwa har tawadar ta narke. Na uku na ɓoye shi cikin rumbu, sai na kasa samun natsuwa don tunanin matata za ta hau ɗibar hatsi ta gani, ko da yake ba ta iya karatu ba. Ni ma karatuna bai wuce aji shida na lekol ɗin garinmu ba, kuma ban samu sartifika ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har sunan garin. Zan dai ce muna cikin ƙasar Urno, a yankin Madawa. Mutanen wajenmu in sun karanta za su gane ni. Wannan ne ya fi hana ni rubutawa, kuma har yanzu bai daina ba ni tsoro ba.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, ƙanwar mahaifina. Ya girme ni da shekara ɗaya. Tun muna yara yake ce mini bawa, ni ma nake ce masa bawa, ba a taɓa raba mana gardamar ba. Shi mutum ne mai dariya da sakin hannu. Ni kuwa in na kulle ɗaki sai na dawo na taɓa kwaɗon sau biyu, wani lokaci in kai bakin gona in sake dawowa. Yakan ce ranar da za a kai ni makabarta sai na tashi na tambaya ko an ɗaure jaki.

Wata shekara aka yi ta sanarwa a rediyo cewa duk pis ɗin salula, ɗan abin nan da ake sawa cikin waya mai ɗauke da lamba, in ba a rubuta shi da sunan mai shi da kartin ɗan ƙasa ba, za a yanke shi. Aka ce don tsaro ne. A wajenmu babu wanda ya yarda da wannan. Wasu suka ce gwamnati ce ke son jin abin da muke faɗa. Wasu suka ce kamfanin waya ne zai tara sunayenmu ya sayar. Wani dattijo ya rantse cewa sabon haraji ne ke tafe. Amma ƙasan duk wannan surutu akwai abu mai sauƙi: yawancinmu ba mu da karti. Na wasu ya mutu tun tuni, mata da yawa ko takardar haihuwa ba su da ita. Ni nawa ya mutu, ina ta cewa zan sabunta, tsoron layin biro, ofishin hukuma, ya hana ni.

Taubashina yana da karti sabo, domin duk bayan girbi yana tafiya bida, neman aiki a ƙasashen bakin teku kamar yadda mazan wajenmu suka saba, kuma ba a ƙetare iyaka da mataccen karti. Ranar kasuwa wani ma'aikacin kamfanin ya kafa laima da tebur. Ya ce shi ba ruwansa da fuskar mai waya, karti kawai yake so ya gani, in an kawo ya san yadda zai yi. Mu kuwa a wajenmu ba a hana aro. Ana aron galma, ana aron tsani, ana aron jaki da amalanke, wanda ya hana kuwa sai an yi shekara ana zancensa. Haka mutane suka ɗauki karti. Taubashina ya ba wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya miƙa wa surukinsa, kafin kasuwa uku kartin ya zaga gari, har ya yi laushi kamar tsohuwar laya. Mutane sun ji daɗin abin ta fuska biyu: waya ba ta mutu ba, kuma gwamnati ba ta samu sunansu ba. Nawa pis ɗin ma da kartinsa aka rubuta.

Abin ya dame ni tun ranar farko. Na sayi kaye, littafin rubutu mai bango shuɗi, irin na 'yan lekol, na ja layi a tsakiya. A hagu lamba, a dama sunan mai riƙe da ita da sunan ubansa. Gida gida na bi. In wani ya ba ƙanensa waya sai in soke in gyara. Ba wanda ya sa ni.

Taubashina ya same ni a zaure ina wannan aiki, ya tsaya a kaina.

"Mi kake rubutawa kuma, bawa?"

Na gaya masa. Na ce duk lambobin nan a wurin hukuma nasa ne, ya kamata a san mai kowace.

"To ashe na zama attajiri ban sani ba," in ji shi. "Kai da za a bar ka, da ka ba kowace tsabar gero lamba kahin a kai ta turmi. Rubuta, bawa. Ka sa har da lambar jakina."

Ya kwashe gyaɗar da nake ci ya tafi.

Da rani, bayan wannan, wani baƙo ya sauka a zaurena. Da ƙafa ya zo, da 'yar jaka, ya ce daga ƙetaren iyaka yake, zai nemi aiki a lambunan albasa. Ya kwana uku. Mutum ne mai shiru, yana salla a kan lokaci, in ya gama cin tuwo shi yake wanke kwanon. Wayarsa ba ta kama rezo a wajenmu, yana ta hawa tudu yana saukowa, ya ce uwarsa ba ta san ya iso ba. A lokacin ni na riga na samu wani pis na wani kamfani da ya fi kamawa a gidana, tsohon yana cikin gwangwani. Na ɗauko na ba shi saboda Allah. Ya yi godiya har na ji kunya.

Ban tambayi sunansa ba. Mahaifina ya koya mana cewa ba a tuhumar baƙo da tambaya, in yana so zai faɗa da kansa. Baƙo nake ce masa, shi kuma yana ce mini mai gida. Bayan ya tafi na buɗe kaye zan gyara, na ɗora bik a kan sunana, sai na ga ba ni da abin da zan rubuta a madadinsa. Na ce in ya dawo zan tambaye shi. Bai dawo ba. Layin ya zauna da sunana da sunan ubana.

Damina ta sauka, muka yi shuka, muka shiga noman farko. Wani hantsi muna gonar taubashina mu da yawa, domin ranar shi aka yi wa gayya, sai ga mota babu lamba ta ratso cikin shuka. Mutum biyar suka sauko, da kaki da bindigogi, fuskoki a naɗe. Har yau ban san ko na wane ɓangare ba ne, kuma ba zan ɗora wa wani abin da ban tabbatar ba. Babbansu ya kira sunan taubashina daga takarda. Ya ce an sace wani mutum a wani gari kusa da iyaka, kuma da wata lamba aka riƙa kiran danginsa. Ya karanta lambar da Faransanci, da sauri, sau ɗaya.

Babu wanda ya riƙe ta. Ni ban buƙaci riƙewa ba. Shekara biyu ina faɗa wa mutane ita.

Babban nasu ya tambayi taubashina ko tasa ce. Shi kuwa, da hauya a hannu, sai ya yi dariya ya ce in dai don karti ne, ai rabin gari nasa ne. Bai gama ba ɗayansu ya buge shi da gindin bindiga a baki. Suka ɗaure hannunsa ta baya da igiyar roba. Duk muka tsaya kamar an dasa mu. Takalminsa ɗaya ya fita, na ɗauka na bi su har mota, ban san abin da ya kai ni ba. Na durƙusa ina sa masa a ƙafa. Ya sunkuyo, jini yana ɗiga a kan rigata, ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Bawa, kayen nan naka. Kawo shi Madawa gobe. Na janye abin da na ce."

Na ce to.

Na koma gida na buɗe kayen, ko da yake na san abin da zan gani. Na rufe, na sake buɗewa. Na yi tunanin in soke sunana, sai na ga sokewar za ta fi sunan ƙara. Na yi tunanin in yage shafin, sai na tuna ni da kaina na sa wa shafukan lamba. Na yi tunanin in je in faɗi gaskiya, in ce na ba wani baƙo wanda ban san sunansa ba, ban san garinsu ba, ban san inda ya nufa ba. Na faɗi wannan magana a bakina ni kaɗai a ɗaki, na ji yadda take sauka a kunne. Ko ni da nake faɗa ban ji ta kamar gaskiya ba.

Bayan la'asar mai gari ya aiko a kira ni, in zo da kaye. Na tarar da zaurensa cike. Kowa ya san sunansa yana ciki. Wani ya ce in kayen nan ya shiga hannunsu, ba ƙaramar mota za su kawo ba, babba za su kawo. Wani ya ce dama kamfanin ne ya sayar da mu, yanzu kuma mu kai musu sauran da hannunmu. Wanda aka rubuta wa wayoyi uku da kartin, tasa da ta matansa, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce wa ya sa ni wannan rubutu tun farko, wa nake yi wa aiki.

Liman ne kaɗai ya kawo wata shawara. Ya ce ba sai an kai kayen duka ba. A nemo layin lambar da aka karanta, mai ita ya fito ya yi bayani, a bar sauran. Kowa ya koma duban ƙasa, domin kowa yana tsoron tasa ce. Mai gari ya juyo gare ni.

"Kai ne mai lekol. Ka riƙe lambar da sunka karanta?"

"Ranka ya daɗe, da sauri ya karanta ta."

Abin da na faɗa ke nan. Ba ƙarya ba ce, da sauri ya karanta. Na sha juya wannan amsa a raina, ina neman inda ƙaryar take a cikin kalmomin, ban samu ba. Amma mai gari ya ji abin da nake so ya ji. Ya ce to tun da ba a san lambar ba, kayen ba zai fid da kowa ba, sai dai ya shigar da kowa. Aka jawo furno, ɗan murhun gawayi na shayi. Aka ce ni na rubuta, ni zan sa. Na sa. Bangon bai ci wuta da sauri ba, sai da wani ya hura. Mutane suka ga na tsaya ina kallon wutar, suka ɗauka baƙin cikin aikina ne. Har wanda ya zarge ni ɗazu ya dafa kafaɗata ya ce na ceci gari. Abin da na ji a cikina a lokacin sauƙi ne, irin na wanda aka sauke wa dami daga ka. Dole in rubuta wannan, domin haka ya faru.

Washegari da sassafe gwaggo ta zo gidana da mayafinta na fita da ƙullin fura. Matar taubashina ta gaya mata cewa ta ga ya yi mini magana a bakin mota.

"Ɗana, ɗauko kayen mu tahi."

Na ce mata an ƙone shi, mai gari ya sa. Ta ce ta san ba da son raina ba, ta san halina, ko allura ba na yarwa. Ta ce mu tafi haka nan.

A Madawa mun shiga biro biyu. Na farko suka ce ba su ba ne. Na biyu suka ce mu jira, muka jira har azahar a kan benci, sannan aka ce wanda ya sani ya fita. Mun koma sau da yawa. Daga baya muka je garin Tawa, can ma aka ce ba a kawo musu mai wannan suna ba. Gwaggo ta ce mu je wurin masu wayar, tun da su suka ba da sunansa. Wata yarinya a bayan gilas ta saurare mu da ladabi. Ta ce ba za ta iya faɗin komai game da lamba ba, sirrin mai lamba ne, doka ta hana. In ana son bayani sai mai lambar ya zo da kansa da kartinsa. Gwaggo ta ce ai shi muke nema. Yarinyar ta ce ta gane, amma sai ya zo da kansa. Mai laimar nan na kasuwa kuwa ba mu sake ganinsa ba.

Mutum ɗaya ne a duk yawon nan ya ba mu kujera. Dattijo ne a wani biro, ba zan faɗi wanne ba. Ya ce shi bai san inda yake ba, amma in zai ɗaga waya ya tambaya, sai da abin da zai riƙe. Ko takarda da ta nuna lambar a hannun wani take, ko mutumin da ya riƙe ta ya zo ya faɗa da bakinsa. Gwaggo ta ba shi labarin kaye. Ya cire tabarau ya ce, to ai kun ƙone ɗanku da hannunku. Sannan ya dube ni ya tambaya ko ni da na rubuta ba na tuna komai. Na ce lambobin suna da yawa. Wannan ma gaskiya ce. A hanyar komawa gwaggo ta matsa mini in sha furar, ta ce na rame saboda ɗan'uwana.

A gari abin ya juya cikin kwanaki kaɗan. Mutane suka cire pis ɗinsu, wasu suka jefa a masai, wasu suka binne. Aka daina bi ta ƙofar gidansa. Da lokacin maimai ya zo, noman na biyu, babu wanda ya zo gonarsa cikin waɗanda suka sha furarsa ranar gayya. A rijiya mata suka riƙa janye jarkarsu daga kusa da ta matarsa. Ɗiyarsa ta daina zuwa lekol saboda abin da ake kiranta da shi. Mai wayoyi ukun nan na ji shi da kunnena a rumfar mai nama yana cewa shi dama ya daɗe yana mamakin mutumin da ke ba da kartinsa haka da sauƙi, da kuma abin da yake zuwa yi a bida duk shekara. Ya ce hukuma ba ta ɗaukar mutum haka kawai. Waɗanda a da ba su yarda da hukuma ko a kan ranar ganin wata ba, suka gyaɗa kai. Ina zaune a wurin. Na ce Allah dai ya bayyana gaskiya, suka ce amin.

Ni na yi masa maimai, ni na yi girbi, na kai damman rumbunsa. Bana ma haka. Saboda wannan yanzu ana ba da misali da ni a gari wajen riƙon zumunta. Gwaggo ba ta cin abu mai daɗi ba ta aiko mini ba. Ranar salla ta sa hannu a kaina a gaban mutane ta ce ni ne ɗan da ya rage mata. Na sabunta kartina, yana cikin leda cikin akwati, ba wanda ya san ina da shi.

Labari iri biyu ya zo mana. Wani direba ya ce wani da aka sako daga gidan kaso mai nisa ya ba shi labarin mutumin wajenmu da ke sa 'yan ɗaki dariya, amma bai riƙe sunan ba, kuma bai tabbatar da garin ba. Wani kuma ya ce ya ji an ce waɗanda aka ɗauka a wannan lokaci ba duka suka kai inda za a kai su ba. Dangin matarsa sun fara zuwa suna cewa 'yarsu ba za ta zauna haka ba, ba mai aure ba, ba mai takaba ba. Liman ya ce a ƙara haƙuri a samu tabbaci. Gwaggo kuwa idonta ya fara rufewa, in ta ji tsayuwar mota sai ta sa a fita a duba.

Ban sani ba ko baƙon nan shi ya yi kiran. Wataƙila ya sayar da wayar, wataƙila an ƙwace masa, wataƙila shi ma ya ba wani saboda Allah. Ba na ɗora masa laifi. Abin da na sani shi ne lambar tawa ce, daga hannuna ta fita, kuma sau biyu aka tambaye ni na kauce. Yanzu ina so in faɗa a gaban wanda ke riƙe da taubashina. Na koma wurin dattijon nan mai tabarau ni kaɗai, na tarar an canza masa wurin aiki, wanda na samu a kujerarsa ya ce bai san da zancen ba. Ba zan ɓoye ba, da ya faɗi haka na sake jin wannan sauƙin. Shi ya sa nake rubutawa, domin in ya fita hannuna ba zan iya janye shi ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman wanda ya taɓa zama a gidan kaso, ko yake kai wa wani abinci, ko yake aiki a wurin. Mutumin dogo ne, baƙi, mai wushirya, wataƙila yanzu ya rasa haƙoran gaba. Ƙaramin yatsansa na hagu a lanƙwashe yake tun yarinta. Yana jin Faransancin kasuwa kaɗan. An ɗauke shi da riga ruwan ƙasa ta noma. In kun gan shi da rai, ku gaya mini garin da ƙofar da zan je. In kuma kun san ya rasu, ku gaya mini inda aka sa shi da wanda ya gani da ido, domin liman ba zai karɓi ji-ta-ji-ta ba. Ba sai kun faɗi sunanku ba, kuma kada ku kira a waya. Ku ba wani direba da ke zuwa kasuwar Urno saƙon baki, ya ce na tsohuwar da aka ɗauke wa ɗa a gona ne saboda aron karti. Zai iso.